Yadda Ake Auna Kurmin Bakin Teku

Manomi yakan san faɗin gonarsa ta hanyar taku ko igiya, ya kuma gane lafiyar shukarsa da ido. To, yaya za a auna dajin da ke tsaye cikin taɓo da ruwan gishiri, wanda ba a ratsa shi sai da kwalekwale? Irin wannan daji shi ne kurmin itatuwan mangurob, kuma babu ƙasar Afirka da ta kai Nijeriya yawansa, musamman a yankin Neja Delta. A cikin saiwoyinsa kifi da jatan lande suke hayayyafa, shi ne kuma yake tare igiyar ruwa kada ta cinye gaɓa.

Masana suna neman amsar tambayoyi biyu: mene ne faɗin kurmin, kuma wane hali yake ciki.

Tambaya ta farko daga sama ake amsa ta. Tun shekarar 1972 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na farko a jerin Landsat. A hotunan da jerin yake ɗauka tun 1982, kowane ɗigo yana wakiltar fili mai tsawon mita 30 da faɗin mita 30, wato murabba'in mita 900. Ke nan ɗigo 11 sun kusa cika hekta ɗaya. Ɗanyen ganye yana mayar da wani haske da idon mutum ba ya gani, ruwa kuwa shanye shi yake yi. Da wannan bambanci kwamfuta take ware daji daga ruwa, sannan ta ƙirga ɗigogin. Matsalar ita ce gajimare, wanda yakan rufe yankin watanni da yawa. Saboda haka ake haɗawa da taurari masu na'urar rada, irin na Japan, domin saƙonta yana keta gajimare dare da rana. Ta wannan hanya aka ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kurmin mangurob na duniya ya kai kimanin murabba'in kilomita 147,000.

Tambaya ta biyu kuwa sai an shiga taɓo. Dalili shi ne, ba kowane kore ne lafiya ba. A shekarar 1906 aka kawo wata irin kwakwa mai suna nifa daga Asiya zuwa Kalaba. Ta bazu, tana mamaye wuraren da aka sare mangurob, alhali saiwarta ba ta ba kifi mafaka irin tasa. Daga sama duka kore ne, sai da ƙwarewa ake bambance su.

Don haka masu bincike sukan jira ruwa ya janye, su kafa turaku su shata fili, misali mita 10 sau 10. A ciki sukan rubuta irin kowace bishiya, su auna kaurinta daidai ƙirji, su ƙirga tsiro da kututture da ramukan ƙaguwa. Sukan ɗebi laka da ruwa domin a gwada gishiri da gurɓata. Kurmin da yake da manyan itatuwa amma babu tsiro, tamkar garin da babu yara ne.

Amfanin wannan aiki ya bayyana a ƙasar Ogoni ta jihar Ribas. A shekarar 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto bayan ta gwada ƙasa da ruwa a wurare masu yawa. Ta tarar ɗanyen mai ya lulluɓe saiwoyin mangurob ya kashe su, ta kuma nuna cewa farfaɗo da muhallin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Ba don awo ba, da gardama kawai za a yi ta yi kan girman ɓarnar.

Malami zai iya gwada dabarar a aji. A zana ƙananan murabba'ai a kan takarda mai shara-shara, a ɗora ta kan taswirar wani tafki ko daji, ɗalibai su ƙirga murabba'an da suka cika, su haɗa rabi da rabi, su ninka da ma'aunin taswirar. Aikin da kwamfuta take yi da ɗigogin tauraro ke nan.