Maganin da ya ratsa jikinmu ya faɗa kogi

A arewa maso yammacin lardin Ontariyo na ƙasar Kanada akwai wani daji mai ƙananan tafkuna da dama, waɗanda aka keɓe domin bincike tun ƙarshen shekarun 1960. Babu gari kusa da su, babu gona, babu masana'anta. Ɗaya daga cikinsu ko suna ba shi da shi, lamba kawai aka ba shi, 260. A shekarar 2001 wata masaniyar halittun ruwa mai suna Karen Kidd da abokan aikinta suka fara zuba wa wannan tafki sinadarin da ke cikin ƙwayar tazarar haihuwa, suka ci gaba da yin haka har bazara uku a jere.

Abin da suka zuba bai taka kara ya karya ba. Nanogiram biyar zuwa shida ne a kowace lita, wato kamar a narka ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri a cikin jarka miliyan 40 ta ruwa. Da gangan suka zaɓi wannan adadi, domin shi ne kwatankwacin abin da ake samu a kogunan da ruwan ƙazantar birane ke gangarawa cikinsu.

Ba a daɗe ba sai mazan wani ƙaramin kifi da ya cika tafkin suka fara samar da furotin ɗin da mace ce kaɗai ke yin sa lokacin haɗa ƙwai. Wasu mazan ma har ƙananan ƙwayaye aka gani suna fitowa a marainansu. Matan kuma ƙwansu ya daina nuna yadda ya kamata. Bayan bazara ta biyu ƙyanƙyasa ta tsaya, kuma cikin 'yan shekaru wannan kifi ya kusa ƙarewa ƙarƙaf a tafkin. Manyan kifayen da ke cin sa su ma suka ragu, saboda abincinsu ya yi ƙaranci. Ba a ga gawar kifi tana yawo a saman ruwa ba, ba a ji wari ba, ruwan bai canza launi ba. Manya sun tsufa sun mutu, babu 'ya'yan da za su gaje su. Da aka daina zuba sinadarin, sai bayan wasu shekaru kifin ya farfaɗo.

Binciken ya fito a 2007, ya kuma tabbatar da abin da aka jima ana zargi a Ingila. Tun a 1998 Susan Jobling da John Sumpter na Jami'ar Brunel suka nuna cewa a kogunan ƙasar da dama, musamman ƙasa da inda bututun ruwan ƙazanta ke zuba, mazan kifi masu yawa na ɗauke da gaɓoɓin haihuwa na maza da na mata a haɗe.

To ta ina magani ke bi ya kai kogi? Babbar hanyar ita ce jikinmu. Idan mutum ya haɗiyi ƙwaya, jiki ba ya cinye ta duka. Wani kaso hanta ke sarrafawa, wani kuma ya fita ta fitsari da bayan gida yana nan da ƙarfinsa. Metformin, maganin da miliyoyin masu ciwon suga ke sha kullum, kusan yadda ya shiga haka yake fita. Daga masai sai kwata, daga kwata sai rafi. Sauran hanyoyin su ne ruwan asibitoci, da juji inda ake watsar da maganin da ya lalace, da kashin kaji da shanun da aka ɗura wa magani, da ruwan da masana'antu ke saki. Ko a ƙasashen da ke da manyan wuraren tace ruwan ƙazanta, yawancinsu an gina su ne don cire datti da ƙwayoyin cuta. Ba a yi su da magani a zuciya ba, shi ya sa irin su carbamazepine, maganin farfaɗiya, ke ratsa su kusan ba tare da sun ragu ba.

Dalilin da ya sa ɗan wannan adadi ke yin tasiri a fili yake. An ƙirƙiri magani ne domin ya yi aiki a jiki ko da kaɗan aka sha, kuma ya jure kada ya lalace da wuri. Kifi kuwa yana da hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa, kuma sinadaran da ke tafiyar da su sun yi kama da namu ƙwarai. Bambancin shi ne mara lafiya yana shan magani na kwana biyar ko bakwai ya daina, shi kuwa kifi a cikin ruwan aka ƙyanƙyashe shi, da shi yake numfashi, a ciki zai mutu.

Ba haihuwa kaɗai abin ke taɓawa ba, har hali yana canzawa. A 2013 Tomas Brodin da abokan aikinsa na Jami'ar Umea a Suwidin suka duba wani kifi da ke kogin Fyris kusa da birnin Upsala, inda aka sami oxazepam, maganin rage fargaba. Da suka saka irin wannan kifi a ruwa mai ɗauke da ɗan maganin, sai ya fara barin garkensa yana yawo shi kaɗai, yana cin abinci da sauri fiye da da. Wani zai ce ai wannan ba illa ba ce. Amma ƙaramin kifin da ya rabu da 'yan uwansa shi ne abincin babba, kuma idan ya cinye ƙananan halittun da ke cin gansakuka, gansakukar sai ta mamaye ruwan.

A 2022 aka fitar da bincike mafi faɗi a kan wannan batu, ƙarƙashin jagorancin John Wilkinson na Jami'ar York. An ɗebo ruwa daga wurare 1,052 a koguna 258 na ƙasashe 104, aka nemi sinadarai 61. Yankuna biyu ne kacal aka tarar babu komai, ƙasar Iceland da wani ƙauyen ƙabilar Yanomami a dajin Benezuwela, inda ba a amfani da maganin zamani. A sama da kashi ɗaya cikin huɗu na wuraren, aƙalla magani ɗaya ya haura adadin da ake ganin ba zai cutar da halittun ruwa ba. Kogunan da suka fi gurɓacewa suna Lahore ta Pakistan, da La Paz ta Bolibiya, da Addis Ababa ta Habasha. Wannan jerin yana da ma'ana. Inda abin ya fi muni shi ne inda magani ya wadata a kasuwa amma ba a gina hanyar tace ƙazanta ba, kuma yawancin biranen Afirka ta Yamma a nan suke.

Mafi tayar da hankali shi ne abin da aka gano a Patancheru, kusa da birnin Haidarabad na Indiya. A can akwai wata cibiyar tace ruwa da a 2007 take karɓar ruwan kamfanonin haɗa magani kusan 90, waɗanda ke sayar wa duniya baki ɗaya. A 2007 Joakim Larsson na Jami'ar Gothenburg ya auna ruwan da ke fita daga cibiyar bayan an ce an tace shi, ya sami ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, har miligiram 31 a lita ɗaya. Wannan ya fi abin da ke yawo a jinin mara lafiyar da ke kan shan maganin. Lissafinsa ya nuna kimanin kilo 45 ke zuba a kogi kowace rana, daidai da abin da duk mutanen Suwidin ke sha a kwana biyar. Ko da aka sirka ruwan sau ɗari biyar, sai da ya tsumburar da talibambam. Ciprofloxacin ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ne ake yawan ba mai taifot, kuma kaso mai yawa na maganin da ke kantunanmu daga Indiya yake zuwa. Arahar da muke samu a kemis, akwai ƙauyukan da suka biya wani ɓangare na kuɗinta da ruwan rijiyoyinsu.

A nan ne maganar ta dawo kan lafiyar ɗan Adam, kuma ya kamata a faɗe ta daidai, ba tare da tsoratarwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba batun a 2012, ta ce adadin maganin da ake samu a ruwan famfo da aka tace yawanci bai kai kashi ɗaya cikin dubu na mafi ƙarancin abin da likita zai rubuta ba, don haka da wuya ya cutar da mai sha. Babu dalilin da zai sa mace ta bar maganin tazarar haihuwa ko mai suga ya bar nasa. Haɗarin yana wani wuri dabam. Idan ƙwayoyin cuta suka zauna a ruwa mai ɗauke da maganin kashe su, wanda bai kai ya kashe su duka ba, masu rauni ne ke mutuwa, masu taurin kai su rayu su hayayyafa. Suna kuma iya miƙa wa wasu ƙwayoyin cutar wannan dabara ta bijire wa magani, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Kwatar da ta haɗa bayan gidan mutane da ragowar magani wuri ne da ya dace da wannan musaya. Daga nan sai a yi ban ruwan salak da ita, ko yara su yi wanka a ciki.

Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani. Yankin da ya fi kowanne yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma. Shan magani barkatai shi ne babban sanadi, gurɓataccen ruwa kuma yana taya shi yaɗa ɓarnar.

Ba magani kaɗai ke cikin ruwan ba. Tun a 1956 garin Minamata na Japan ya koya wa duniya yadda guba ke hawa daga ƙaramin kifi zuwa babba har ta kai ga mutum. Kamfanin Chisso ya shafe shekaru yana zuba sinadarin zaiba a gaɓar tekun garin. Kyanwoyin da ke cin kifin suka fara tangaɗi suna faɗawa ruwa, daga baya masunta da iyalansu suka fara rasa gani da magana da tafiya, aka riƙa haihuwar jarirai da lalatacciyar ƙwaƙwalwa. Zaibar nan ce masu haƙar zinariya ke amfani da ita a yau don kama gwal daga niƙaƙƙen dutse, a Zamfara da Neja da sauran wurare, kuma a bakin rafi ake yawan wankin.

A Kano kuwa, ba a buƙatar na'ura kafin a gane halin da ƙoramar Jakara ke ciki. Tana kwasar ƙazantar cikin birni, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, su gangara madatsar Wasai inda ake kamun kifi. A gefenta manoman rani ke noman alayyafo da salak da kabejin da ke shiga kasuwannin birnin. Ta kudu kuma, kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa suna amfani da sinadarin kuromiyam wajen gyaran fata, kuma binciken jami'o'in ƙasar nan ya sha nuna shi a ruwa da lakar kogin Challawa. Manomin da ke ban ruwa da irin wannan ruwa ba shi da laifi, don da rani shi ne ruwan da ke gabansa. Wanda ya saki ruwan bai tace ba shi ya kamata a tuhuma.

Akwai kuma abin da muke yi da hannunmu. An daɗe ana kokawa da masu zuba maganin ƙwari na Gamalin a gulbi don kifi ya taso, alhali lindane da ke cikinsa na daga sinadaran da Yarjejeniyar Stockholm ta haramta a noma tun 2009, saboda yana daɗewa bai ruɓe ba kuma yana taruwa a kitse. Sarakunan ruwa da dama sun hana wannan ɗabi'a, domin sun ga tana kashe har ƙwai. Masu kiwon tarwaɗa kuma da yawa suna zuba oxytetracycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a tafkinsu ba tare da likitan dabbobi ya gani ba, idan sun zo canza ruwa su sake shi cikin kwatar unguwa.

Maganin matsalar sananne ne, tsada ce da shi. Suwizalan ta kafa doka da ta fara aiki a 2016, wadda ta wajabta ƙara matakin tacewa da iskar ozon ko gawayi na musamman a cibiyoyi kusan ɗari. A 2024 Tarayyar Turai ta amince da irin wannan mataki, ta kuma ɗora wa kamfanonin magani da na kayan kwalliya aƙalla kashi 80 cikin ɗari na kuɗin aikin. Wannan hukunci ya yi daidai, domin wanda ya ci riba shi ya fi cancanta ya ɗauki nauyin shara. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta ta farko kan ruwan da masana'antun maganin kashe ƙwayoyin cuta ke saki.

Biranenmu ba su kai ga ozon ba tukuna, tunda akasarinsu ko bututun kwashe ƙazanta ba su da shi. Amma akwai abin da ba ya buƙatar biliyoyi. Ana iya tilasta wa manyan asibitoci da kamfanonin jima su tace ruwansu a harabarsu kafin ya fita, kamar yadda dokokin hukumar NESREA suka tanada ga masana'antu. Ana iya hana motocin kwasar masai juye kayansu a rafi. Hukumar NAFDAC takan tara jabun magunguna da waɗanda wa'adinsu ya ƙare ta ƙona su, sai dai na 'yan kasuwa ne da na kwastan. Ragowar ƙwayoyi da kwalaben sirof da ke cikin lokar kowane gida ba su da inda za a kai su, sai bola ko masai. Akwati ɗaya a kowane babban kemis da asibitin unguwa, wanda hukuma za ta riƙa kwashewa duk wata, zai hana wani kaso nasu isa Jakara da Challawa.