Yadda tsohuwar kwamfuta za ta ɗauki manhajar darar chess

Da yawa daga masu koyon darar chess kan sauke manhajar wasan a tsohuwar kwamfutarsu, sai ta ƙi buɗewa ko ta riƙa maƙalewa. Daga nan sai su yanke hukuncin cewa na'urar ta gama yayi. A mafi yawan lokuta, matsalar tana cikin samfurin manhajar da aka zaɓa.

A shekarar 1997, sai da kamfanin IBM ya ƙera katafariyar na'ura mai suna Deep Blue kafin a doke zakaran duniya Garry Kasparov. Amma a 2006, manhajar Deep Fritz da aka ɗora a kan kwamfuta irin ta kasuwa ta lallasa zakaran duniya Vladimir Kramnik da ci 4 da 2 a birnin Bonn na Jamus. Ke nan kwamfuta 'yar Beljiyam da aka ƙera bayan wancan lokaci tana da ƙarfin da zai wadatar da duk wani mai koyo.

Abu biyu ake buƙata: injin da ke lissafa motsin 'ya'yan dara, da kuma manhajar da ke nuna allon wasan. A ɓangaren inji, Stockfish ne kan gaba. Ya fito a 2008, kyauta ake samun sa, kuma yana aiki ko babu intanet. A ɓangaren allo kuwa, Arena kyauta ce kuma ba ta da nauyi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wurin saukewa, domin Stockfish yana zuwa a samfura daban-daban. Wanda aka yi wa alamar AVX2 yana buƙatar furosesa mai wannan fasaha, wadda Intel ya fara sakawa a 2013. Idan na'urar ta girmi haka, injin zai rufe kansa nan take. Mafita ita ce ɗaukar samfurin SSE4.1 ko na x86-64 zalla.

Tun daga Stockfish 12 na 2020, injin yana auna matsayin wasa da fasahar NNUE, wadda ta fi wahalar da tsofaffin furosesa. Wanda ya ga jinkiri zai iya komawa Stockfish 11, ya rage adadin RAM da aka ware wa injin, ya kuma bar shi a kan zare ɗaya don kada na'urar ta yi zafi. Shi kuwa injin Leela Chess Zero, ya fi dacewa da kwamfuta mai katin hoto mai ƙarfi.

Akwai kuma batun tsaro. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, saboda haka sauke manhajar sata a irin wannan na'ura yana buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cutar kwamfuta. Tunda injin da ke kan gaba kyauta ne, shafinsa na asali kaɗai ya isa.