Idan Windows Ta Ƙi Tashi: Yadda Ake Tayar da Kwamfuta Daga Filash

Saura kwana tara ya kare furojet ɗinsa, laftof ɗin abokin ɗakinmu ta ƙi tashi. Da ya kunna sai tambarin Windows ya fito, ya yi ta juyi, allo ya koma shuɗi, shi ke nan. Babi huɗu na ciki, kuma bawan Allah bai ajiye kwafi a ko'ina ba. Mai gyara ya duba ya ce sai dai a yi fomatin, wato a share komai a sa sabuwar Windows. Abin da ya cece shi wata 'yar filash ce mai gig 8 da wani ɗan sashen kimiyyar kwamfuta ke rataye da ita a jikin makullinsa. Ya soka ta, ya danna F9, cikin minti biyu kwamfutar ta buɗe da wata fuska daban. Muka shiga had-dis muka kwashe furojet ɗin tsaf.

Ba siddabaru ba ne. Windows babbar manhaja ce kawai, wadda ke tafiyar da kwamfuta, kuma ba ita kaɗai ba ce. Duk lokacin da ka kunna kwamfuta, wata ƙaramar manhaja da ke jikin allon na'urar, BIOS ko UEFI, ita ke fara farkawa ta nemi inda babbar manhaja take. Ta saba zuwa had-dis, amma kana iya ce mata yau ta duba filash. In akwai Linux a kai, sai ta ɗauko shi ta yi aiki da shi a cikin RAM, ba tare da ta taɓa Windows ɗinka ba. Ka kashe ka zare filash, kwamfuta ta koma yadda take.

Linux kyauta ne, tun 1991 da Linus Torvalds ya fara shi yana ɗalibi a Helsinki. Iri-iri ne, amma ga wanda ya saba da Windows, ni dai Linux Mint nake ba da shawara. Fuskarsa ta yi kama da abin da ka sani, yana zuwa da Firefox da LibreOffice mai buɗe fayilolin Word da Excel, kuma nauyinsa wajen gig 3 ne, alhali Ubuntu na yanzu ya haura gig 5. Mai sayen data da kuɗin abinci ya san bambancin. Mutum ɗaya ya sauke, sauran 'yan ɗaki su kwafa.

Haɗawar ba wuya. Ka sauke fayil ɗin ISO daga shafin Linux Mint na ainihi, ka sauke Rufus, ka soka filash, ka zaɓi fayil ɗin, ka danna farawa. Amma don Allah ka ji wannan da kyau: Rufus zai share duk abin da ke kan filash ɗin. Ka kwashe kayanka tukuna, kuma ka duba sau biyu cewa filash ɗin da kake nufi ka zaɓa. Akwai kuma Ventoy, wanda sau ɗaya ake sa shi, daga nan sai ka riƙa jefa fayilolin ISO kamar yadda kake kwafar waƙa, kuma sauran wurin ka ci gaba da ajiyar handawut.

Wajen tayarwa, da ka kunna sai ka yi ta danna maɓallin zaɓi: F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo, Esc a Asus. Ka zaɓi sunan filash ɗinka. A kan allo za ka ga alamar girka Linux a kwamfuta. Kada ka taɓa ta, sai in da gaske kake so, domin ta nan ne mutum kan share Windows ɗinsa da hannunsa.

Inda mutane suka fi ƙonewa shi ne ajiya. A yadda yake, Linux na filash ba ya tuna komai. Ka yi rubutun awa uku ka ajiye a kan allo, batir ya mutu, ya tafi har abada. Ko dai ka riƙa ajiyewa a wata filash ko a imel, ko kuma tun wajen haɗawa ka ja ma'aunin da Rufus ke nunawa na ware wurin ajiya mai ɗorewa. Don wannan gara filash mai gig 16 ko 32, kuma USB 3.0, wadda galibi cikin bakinta shuɗi ne. Tsohuwar filash za ta yi, amma za ka yi ta jira kamar layin rajista. A kuma yi hattara da na bakin titi masu arhar banza, waɗanda aka rubuta gig 64 alhali cikinsu bai kai ba. Irinsu sukan cinye fayil ba sallama.

Ba kowace matsala yake magancewa ba. In had-dis ɗin a kulle yake da BitLocker, sai ka nemo lambar buɗewa mai alƙaluma 48, wadda galibi tana cikin asusunka na Microsoft. In kuma had-dis ɗin ne ya mutu, yana ƙas-ƙas, Linux ba zai tayar da matacce ba, sai dai kana iya ci gaba da aiki da laftof ɗin daga filash har ka samu kuɗin sabo. Wasu laftof ɗin Wi-Fi ɗinsu ba ya kamawa, sai ka jona waya da kebul ka ba ta intanet ta USB. Shi ma LibreOffice yakan ɗan karkatar da tebur da lambar shafi, saboda haka ka duba furojet a Word kafin ka kai a buga.

Kwamfutocin laburare da na ɗakin gwaji kuwa ba naka ba ne. Ka nemi izinin mai kula da wurin kafin ka tayar da su da filash ɗinka, kada neman ilimi ya kai ka gaban kwamitin ladabtarwa.