Dafin da Ke Shiga ta Fata

 Yau mun nufi kudancin Jihar Katsina, wato Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ƙasar masara da dawa da auduga, inda tun zamanin Turawa aka san Daudawa da gonar irin auduga, inda kuma a yau, da zarar damina ta kankama, da wuya ka ratsa karkara ba ka ga saurayi goye da injin feshi ba.

To, ku dube shi da kyau. Da hannunsa ya buɗe kwalbar maganin, da kara ya motsa, tankin yana yoyo a gadon bayansa har riga ta manne, ga shi da silifa yana ratsa ciyawar da ya fesa yanzun nan, in kuwa zufa ta zubo masa sai ya sa bayan hannu ya share goshi. Da za ka yi masa nasiha, cewa zai yi ai ya ɗaure hancinsa da ƙyalle, domin a zatonsa dafi ba shi da ƙofa sai hanci da baki.

Alhali kuwa tun shekarar 1962 wasu masana biyu a Amurka, Durham da Wolfe, suka bayyana dabarar manna ƙyallaye a jikin masu feshi a auna abin da ya sauka a kansu, aka kuma tarar abin da fata ke kwasa ya ninka wanda ake shaƙa nesa ba kusa ba. A 1971 Maibach da abokan aikinsa suka gano cewa goshi yana tsotse maganin ƙwari na parathion kusan ninki huɗu na damtsen hannu. Goshi, jama'a, goshin nan da ake sharewa! Amma hikimar da ta fi ba ni mamaki ita ce ta wani malami, Richard Fenske, wanda yake zuba wani sinadari mai ƙyalli cikin ruwan feshi, idan ma'aikaci ya tashi aiki a shigar da shi ɗaki mai duhu, a haska shi da fitila ta musamman, sai ga wuya da hannu da fuska suna walƙiya, har wuraren da tufafi suka rufe, mutum ya ga da idonsa abin da dā ba zai gaskata ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, masana sun daɗe da yanka haddin dafin da ya halatta ya kasance cikin iskar wurin aiki, amma na fata har yanzu da saura, kuma galibin awon an yi shi ne a ƙasashen sanyi, ba cikin ranar Faskari ba, wadda ba ta barin mutum ya jure rigar roba. Saboda haka nake ganin farilla ce a kan malamanmu na Samaru da Katsina da Dutsin-Ma su auna namu mutanen a namu gonakin, su gwada jinin ɗan feshi kafin damina da bayanta, su duba hannun matar da ke wanke masa riga, su nemo suturar da talaka zai iya saya ya kuma iya sawa, domin kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya.

 To, ɗan'uwa mai feshi, ka gyara yoyon tankinka, ka wanke jiki da sabulu kafin ka ci abinci, ka ware rigar aiki daban. Allah Ya ba mu damina mai albarka.