Yadda Ake Gyara Kuskuren Kwanan Wata A Hotunan Bidiyo Bayan Juye Su A Kwamfuta

Hoton bidiyo ya shiga sahun takardun shaida a harkokin ciniki. Mai shago na kafa kyamarar tsaro, dillali na ɗaukar hoton kaya sa'ad da ake loda su a mota, wanda kuma gobara ko sata ta shafa yakan gabatar da hoto ga kamfanin inshora. Sai dai darajar irin wannan hoto ta ta'allaƙa ne ga rana da sa'ar da ke jikinsa. In ya nuna an sauke kaya ran Talata alhali takardar karɓa na cewa Litinin, abin da aka ɗauka don raba gardama shi ne zai haddasa ta.

Kowane bidiyo yana ɗauke da kwanan wata fiye da ɗaya. Akwai wanda kyamara ke rubutawa a cikin fayil ɗin lokacin ɗauka, wanda Windows ke nunawa a ƙarƙashin sunan "Media created". Akwai kuma waɗanda kwamfuta ke liƙa wa fayil daga waje, wato ranar ƙirƙira da ranar gyara ta ƙarshe. Da zarar an juye bidiyo daga katin kyamara, ranar ƙirƙira takan koma ranar da aka yi juyin. Saboda haka sau da yawa babu abin da ya lalace, mai duba ne ya kalli gurbin da ba shi ba.

In kuskuren na cikin fayil ne, girmansa kan nuna asalinsa. Bambancin sa'a ɗaya cif yawanci daga tsarin MP4 da MOV yake, domin ƙa'idarsu ita ce a ajiye lokaci bisa agogon GMT, amma kyamarori da dama na rubuta lokacin gida. Tun da Nijeriya na gaban GMT da sa'a ɗaya, kwamfuta sai ta ƙara sa'ar da babu buƙatarta. Bambancin sa'a 7 alama ce ta na'urar da aka shigo da ita daga Sin ba a sauya mata agogo ba, na sa'a 3 kuwa na Dubai ne. In hoton ya nuna 1 ga Janairu na wata shekara mai nisa, kamar 1970 ko 1980 ko 2000, to ƙaramin batirin da ke riƙe agogon na'urar ne ya mutu, agogon ya koma mafarinsa. Shekarar 1904 kuma na nufin gurbin babu kome a ciki, domin daga wannan shekara tsarin MP4 ke fara ƙidaya.

Matakin farko na gyara shi ne a ware asalin bidiyon, a kulle katin ko a ajiye shi a wuri amintacce, a yi aiki a kan kwafi kaɗai. Na biyu, a gano ainihin girman kuskuren kafin a taɓa agogon kyamarar. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki hoton fuskar wayar hannu da ke karɓar lokaci daga kamfanin sadarwa, da wannan kyamara, sa'an nan a gwada lokacin da wayar ta nuna da wanda kyamarar ta rubuta. In waya ta nuna ƙarfe 2:00 na rana, kyamara ta rubuta 9:04 na dare, to sa'a 7 da minti 4 za a cire daga duk hotunan da aka ɗauka da wannan saiti.

Mataki na uku shi ne gyaran kansa. Manhajar da ta yi suna a wannan aiki ita ce ExifTool, wadda Phil Harvey na ƙasar Kanada ya fitar a 2003, kuma kyauta ce. Tana iya ƙara ko rage adadin lokaci guda ga ɗaruruwan fayil a zama ɗaya, tana iya daidaita ranar waje da ta ciki, kuma takan bar kwafin asali a gefe. Da yake da rubutaccen umurni ake sarrafa ta, wanda bai saba ba gara ya nemi ma'aikacin kwamfuta. Manhajar Photos ta kamfanin Apple ma na da wurin sauya rana da lokaci. Amma lokacin da kyamarar tsaro ta buga a kan hoton kansa ya riga ya zama ɓangaren hoton, babu manhajar da za ta sauya shi ba tare da an taɓa hoton ba.

A nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya yi hattara. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da shaidar da ta fito daga kwamfuta, bisa sharaɗin a nuna cewa na'urar na aiki daidai, tare da takardar tabbaci mai sa hannun wanda ke da alhakin kula da ita. A shari'ar Kubor da Dickson ta 2012, kan zaɓen gwamnan Jihar Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka ciro daga intanet saboda rashin cika waɗannan sharuɗɗa. Don haka bidiyon da zai je kotu ko wurin 'yan sanda ko kamfanin inshora, asalinsa za a miƙa, haɗe da rubutaccen bayani kan girman kuskuren agogon da yadda aka auna shi. Wanda aka gyara a ɓoye, ko da da kyakkyawar niyya, na iya jawo zargin an yi masa coge. Haka nan kada a dogara ga kwafin da aka aiko ta WhatsApp, domin manhajar kan matse bidiyo, bayanan asali su salwanta.

Rigakafin ba ya cin kuɗi mai yawa. A saita agogon kowace sabuwar na'ura kan GMT+1, a kashe tsarin sauyin lokacin bazara tun da Nijeriya ba ta aiki da shi, a sauya batirin agogo in ya raunana. Na'urar da ke haɗe da intanet a sa ta riƙa daidaita agogonta da kanta, sauran kuma a duba su sau ɗaya a wata, musamman bayan doguwar ɗaukewar wuta, a rubuta ranar dubawar a littafin shago.