Daga Kano Zuwa Jidda: Kada Agogo Ya Ruɗi Maniyyaci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, kakanninmu na ƙasar Tsafe da Gusau da Bunguɗu in sun yi niyyar aikin Hajji sai su raba gado a zuci, su yi ban kwana na sosai. Ta ƙasar Barno suke bi, su ratsa Chadi da Darfur har bakin Bahar Maliya, suna yada zango suna noma ko ƙwadago domin guzuri. Wani shekara uku, wani bakwai, wani kuwa can ƙasa ta rufe idonsa.

Yau tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda kimanin mil 2,100 ne, watau wajen kilomita 3,400, jirgi kuwa yakan cinye su cikin sa'a biyar ko ƙasa da haka. Sai dai a 2023, da yaƙi ya rufe sararin Sudan, jiragen alhazanmu suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙaru.

To, wannan sauri yana da tarko. Agogon Makka yana gaban namu da sa'a biyu, mai tafiya gabas kuwa rana tana saurin faɗuwa gare shi. Wanda ya tashi daga Kano ƙarfe 2 da rabi na rana, yana cewa La'asar tana da sauran lokaci, sai ya leƙa taga ya ga duhu tun agogon hannunsa bai buga 6 ba. Mun sha ganin 'yan kasuwa da ma'aikata, masu kiyaye lokacin ofis ƙwarai, sun yi sakaci a nan. Shari'a da rana take aiki. Abin da muke gani shi ne ya haɗa Azahar da La'asar kafin ya hau, tun da rana ta yi zawali kuma ba zai sauka ba sai bayan faɗuwarta. Ƙasaru kuwa tun barin lambunan Tsafe ta hau kansa, domin tafiyar ta zarce mil 48, ko da a kan kujera mai laushi aka yi ta.

Sa'an nan ga miƙati. Wanda aka wuce da shi Madina ba shi da damuwa, a Zul Hulaifa zai ɗauki harami a natse. Amma mai sauka Jidda ya nufi Makka kai tsaye, jirgi yakan gifta daidai miƙati kafin ya kwance jakarsa. Malamai sun saɓa a kan yin harami daga Jidda. Mu dai hankalinmu ya fi kwanciya da a yi wanka a ɗaura zannuwan tun daga Kano, a jinkirta niyya da talbiyya har ma'aikatan jirgi su yi sanarwa. Wanda ya ƙetare miƙati sa'an nan ya yi harami, a mazhabarmu ta Malikiyya hadaya ta wajaba a kansa, kuɗin dabba kuwa a Makka ba na kasuwar Tsafe ba ne. Wallahu a'alamu.