Hular Jariri Tun Kafin Ranar Suna

Masu saurarenmu na Rabah da Wurno da Goronyo, da sauran garuruwan gabashin Sakkwato, shirinmu na musamman na yau ya shafi sana'ar da mata ke yi a zaune cikin gida, da kwarashi da ƙullin zare, wato saƙar hula da safa da rigar sanyi da shawul na jarirai. Mun saba ɗaukar waɗannan kaya a matsayin kwalliyar suna, a jera su 'yan barka su gani su yaba. A ganina kayan tsare rai ne, kuma a makare muke kawo su. Hular da ta iso ranar bakwai ta riga ta wuce kwanakin da aka fi bukatarta.

Jariri yana fitowa ne daga ɗumin cikin uwa, jikinsa a jiƙe, fatarsa ba kauri, kansa kuwa babba ne idan an gwada da sauran jikinsa, don haka ɗumi mai yawa ta kan yake zurarewa. Babban mutum idan sanyi ya kama shi sai ya yi makyarkyata jikinsa ya ɗau zafi. Jinjiri bai iya wannan ba, ɗan kitsen da aka haife shi da shi yake ƙonawa, ƙarfinsa ya ragu, ya kasa kama nono, rashin shan nonon kuma ya ƙara masa sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, kuma ta nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na jariran da ke rasuwa a watan farko, cikin makon farko suke rasuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa a Najeriya jarirai 39 cikin kowane 1,000 da aka haifa da rai ba sa cika wata guda. Sanyi ba shi kaɗai ke jawo wannan ba, amma yana cikin abubuwan da suka fi sauƙin karewa, musamman a yankinmu da mafi yawan haihuwa a gida ake yin ta.

Wani zai ce ƙasar Sakkwato ƙasar zafi ce, me ya haɗa jaririnta da hular ulu? Duk wanda ya kwana kusa da fadamar Gulbin Rima cikin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ya san irin jaurar da ke kaɗawa kafin kiran asalatu. Masana lafiya suna son ɗakin haihuwa ya kai aƙalla digiri 25, alhali daren hunturu kan sauka ƙasa da 20. Sai dai mai wannan magana yana da tasa gaskiyar. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, naɗe jariri cikin shawul mai kauri cutarwa ce: gumi, ƙurajen zafi, da jigata. Zaren da ake kira ulu a kasuwanninmu galibi na roba ne, ba ya shan gumi, kuma narkewa yake yi idan ya kusanci wuta, abin lura ne ƙwarai a ɗakin mai jego da ake ajiye kaskon garwashi. Gwanar saƙa ita ce mai lissafa watan da za a haihu: zare mai kauri don hunturu, zaren auduga marar nauyi don bazara da damina.

Akwai kuma masu cewa kayan kamfani da na gwanjo sun cika kasuwa, daga Achida har birnin Sakkwato, sun fi araha, me zai sa a ɓata kwanaki ana saƙa? Kan araha ba musu. Amma ɗan kasuwa yana sarin abin da zai shiga yawancin jarirai ne, shi kuwa jaririn da ya fi shiga hatsarin sanyi shi ne bakwaini da wanda nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba. Hular kanti faɗuwa take yi daga kansa ko ta rufe masa hanci. A 1978, a wani asibitin birnin Bogota na ƙasar Kolombiya da kwalaben rainon bakwaini suka yi ƙaranci, likita Edgar Rey ya fara sa iyaye mata su ɗora irin waɗannan jarirai a ƙirjinsu, fata da fata, a ɗaure su da zane. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara wannan goyon ƙirji nan take bayan haihuwa. Jikin uwa yana ɗumama gangar jikin ɗan, kansa ne ke waje, shi ya sa ake sa masa hula da safa. Mai saƙa a Gandi ko Shinaka tana iya auna kan da idonta ta gama hular da ta dace kafin magariba, kuma kuɗin ya tsaya cikin unguwa, a hannun matar da ba ta fita kasuwa.

Hanzari mafi nauyi shi ne na al'ada. Mai cikin fari tana kunyar a ga tana tanadin kayan ɗa, wasu kuma suna tsoron baki, suna ganin kamar an riga ƙaddara. Kunya abin mutuntawa ce, ba na neman a zubar da ita. Amma ai kaka da gwaggo da inna ba su da wannan nauyin, kuma tun da can su ke tanadar itacen wankan jego da sabuwar reza, ba wanda ya kira hakan rashin tawakkali. Idan suka saƙa hula biyu, ƙarama da matsakaiciya, tun ciki yana wata bakwai, suka wanke suka adana, ba wata al'ada da aka taka. Da ɗan ya faɗo, a tsane jikinsa da kansa da busasshen zane, a ɗora shi a ƙirjin uwa, a sa masa hula, a jinkirta wankan farko zuwa awa 24 kamar yadda ma'aikatan lafiya ke shawarta. Ranar suna ma, bayan wanzami ya yi aski, kan ya ƙara zama a buɗe.

Ku kuma masu saƙa, a bar igiyar ɗaurewa a wuya, a bar duwatsun ado da maɓallan da ka iya cirewa, a tura bakin zare ciki don kada ya naɗe yatsa. Iyaye, ku riƙa taɓa cikin jariri da tafin ƙafarsa da bayan hannu. Idan duka biyun sun yi sanyi, ko ya daina kama nono, ko numfashinsa ya sauya, hula ta gama nata aikin, sai a ɗora shi a ƙirji a rufe, a nufi asibiti mafi kusa ba tare da jiran gari ya waye ba.